Amfilifayar Mota Ta Yi Shiru: Yadda Za Ka Gano Matsalar Kafin Ka Sayi Wata

Tambayar da aka fi yi mini a kan sautin mota ita ce wannan: jiya amfilifaya, wato na'urar da ke ƙara wa sauti ƙarfi kafin ya kai lasifika, tana aiki lafiya lau, yau an kunna rediyo ko tari ba ta yi ba, ta ina za a fara? Wasu kafin su tambaya sun riga sun kwance ta sun buɗe cikinta. Wasu kuma sun sayo sabuwa sun ɗaura, ita ma ta yi gum, sannan hankalinsu ya dawo kan wayoyi. Wannan asarar ce nake so ka kauce wa, domin sau da yawa amfilifayar da aka ce ta mutu lafiyarta ƙalau, wani abu ne daga cikin abubuwan da take buƙata ya daina isa gare ta.

Abubuwan biyar ne: wuta daga batir, hanyar da wutar ke komawa ta bodin mota, umarnin kunnawa daga rediyo, lasifika mai lafiya da sauti zai fita ta cikinta, da sautin da ke shiga. A wannan jerin za ka bi su. Kuma duk abin da ka taɓa, ka gwada kafin ka taɓa na gaba, don in ka canza abu uku lokaci guda sauti ya dawo, ba ka san wanne ne ya gyaru ba, gobe zai sake ɗaukewa.

Kayan da za ka tanada

Maltimita, wato mitar auna wutar lantarki, ita ce uwar aikin. Ko ƙarama mai araha ta wadatar, muddin tana auna wutar DC da AC da ohm. Kwan gwaji da masu gyaran wutar mota ke yawo da shi yana da amfani, amma zai kama ko wutar volt 9 ce ko 12, alhali a wannan aikin bambancin nan shi ne komai. Sai sukudireba, da alanki idan kusoshin bakin amfilifayarka irin nasa ne, da sifana don kan batir, wadda a yawancin motoci lamba 10 ce. Ka haɗa da samfefa, da guntuwar waya kamar tsawon yatsa biyu, da sababbin fis masu lamba daidai da na jiki, da batirin AA guda, da tocila. Abu biyu kuma da ke rage wahala ƙwarai: wayar da kanta ɗaya ke shiga wayar salula ɗaya kan kuma RCA ne, wato irin kan wayar da ke kai sauti daga rediyo zuwa amfilifaya, da wata lasifika da ka tabbatar tana aiki, ko tsohuwa ce. 

1. Dubi fitilar jikinta

Murɗa makulli, kunna rediyo, ka je inda amfilifayar take ka duba. Kusan kowace tana da fitilar POWER, kore ko shuɗiya, da ta PROTECT, wadda galibi ja ce. Abin da ka gani a nan shi zai nuna maka hanya.

Idan babu fitila ko ɗaya, matsalar wuta ce, mataki na 3 zuwa na 6 su ne naka. Idan ja ce ta kama, amfilifayar tana samun wuta amma ta kulle kanta don kare kanta, sai ka auna wuta a mataki na 4 da na 5, sannan ka wuce na 7. Idan kuwa koren na ci sarai amma babu sauti, fara da mataki na 2, daga nan ka tsallaka zuwa na 8 da na 9.

Ka ɗora hannu a jikinta, ka kuma sansana ramukan iska. Ƙaurin ƙonewar kayan lantarki ba ya ɓuya. In ka ji shi, kashe komai, kada ka sake ba ta wuta sai ka gama karanta mataki na 10.

2. Saituna, kafin ka taɓa kowace waya

Wannan minti biyu ne, amma yana warware matsaloli fiye da yadda ake zato, musamman bayan an cire batir ko an canza shi. Rediyo da yawa suna komawa saitin kamfani idan wuta ta yanke musu, kuma a wasu, saitin kamfanin shi ne hanyar wufa, wato babbar lasifikar bas, a kashe. Shiga menu ka tabbatar SUBWOOFER yana kunne, FADER da BALANCE suna tsakiya, kuma ba a danna MUTE ba.

A jikin amfilifayar, duba ko GAIN, wato maɓallin daidaita ƙarfin sautin da ke shiga, bai koma ƙasa gaba ɗaya ba. Kaya a but suna iya goge shi. Duba makunnin tace sauti: idan wufa ce aka sa mata HPF, an tare mata ƙasan sautin da shi kaɗai take iya fitarwa, za ka ji kamar ta mutu. Wufa LPF take so, lasifikun ƙofa kuma HPF ko FULL. Idan akwai ɗan maɓallin ƙara bas da aka jawo kusa da direba, duba ko an murɗe shi ƙasa ko wayarsa ta zare. Ƙananan makunnan nan na jikin amfilifaya suna cin datti, don haka ka tura kowanne gaba da baya sau da yawa, ka mayar da shi inda ya dace.

3. Fis

Fis wuri biyu yake. Akwai babba a kan wayar wuta kusa da batir, wanda ya kamata a ce bai wuce santimita 45 daga kan batirin ba. Akwai kuma ƙanana a jikin amfilifayar, ko da yake wasu manya ba su da su.

Gargaɗi: kafin ka sa sifana a babban fis, cire kan batir na nagetib, ka kuma cire zobe da agogon ƙarfe. Batirin mota na iya narkar da sifana idan ta haɗa wuta da bodi. Idan rediyon motarka irin mai neman lambar sirri ne bayan an yanke wuta, nemo lambar tukuna.

Kada ka yarda da idonka a kan fis. Irin mai gilashin nan da ake kira AGU yana da wata ɗabi'a: zaren tsakiya na nan cas, kana hango shi ta cikin gilashi, amma a can cikin murfin ƙarfen gefe dalmar da ta riƙe shi ta narke ta sake shi. Cire shi, sa mita a ohm, ɗora tsinke ɗaya a kowane gefe. Mai lafiya zai nuna kusan sifili. Ka duba gidan fis ɗin kansa, don zafin inji da ruwa suna cinye shi. Roba da ta narke ko ta yi baƙi, ko kore-koren tsatsa a bakin waya, duk alamar a canza gidan ne gaba ɗaya.

Idan ka tarar ya ƙone, sa sabo mai lamba iri ɗaya. Kada ka ƙara lamba, kada ka naɗa masa waya ko takardar alminiyom. Fis ɗin kusa da batir motar yake karewa daga gobara idan wayar wuta ta goge ta taɓa ƙarfe. Kuma yadda sabon ya ƙone, in ya ƙone, bayani ne. Cire wayar wuta daga bakin amfilifaya, naɗe kanta da tef, ka sa wani fis. Idan har yanzu ya tashi, wayar ce ta fashe a hanya, kuma wurin da aka fi samun haka shi ne inda ta ratsa bangon da ke tsakanin inji da cikin mota ba tare da robar kariya ba. Idan bai tashi ba sai an haɗa amfilifaya, ko ba a kunna ta ba, to cikinta ne ya yi shot.

4. Auna wuta a bakin amfilifaya

Mayar da kan batir. Sa mita a DC, a ma'aunin volt 20. Fara da batirin kansa: mai cikakken caji, inji a kashe, yana nuna wajen 12.6. Inji na aiki kuma tsakanin 13.8 da 14.4. Idan batir ya yi ƙasa da 12, ko inji na aiki amma lambar ba ta tashi ba, matsalarka ta fi ta sauti girma, batir ne ko altaneta.

Yanzu je wurin amfilifaya. Jan tsinke a kan kusar da aka rubuta wa +12V ko B+, baƙin a kan kusar GND. A kan kusoshin amfilifayar kanta za ka auna, domin abin da ya iso gare ta shi ne abin tambaya. Lambar ta zama daidai da ta batir ko ƙasa da ita kaɗan.

Ga inda mutane da yawa ke ɓata. Suna aunawa rediyo a kashe, su ga 12, su ce wuta lafiya. Waya da ta ruɓe ta rage silin tagulla biyu ko uku za ta nuna wa mita 12 cif, saboda mita ba ta jan komai. Da zarar amfilifaya ta yunƙura za ta tashi, wutar sai ta zube zuwa 7 ko 8, ta mutu, wutar ta dawo, ta sake yunƙurawa. Wannan ne ke sa fitila ta riƙa ƙiftawa. Don haka ka riƙe tsinkayen a wurin, wani ya kunna rediyo ya ƙara murya, kai kana kallon lambar. Yawancin amfilifayoyi suna kashe kansu idan wuta ta sauka wajen volt 10. In ka ga tana zubewa haka alhali a kan batir tana tsaye, bi wayar da mita: kan batir, gaban fis, bayan fis, har ka sami inda take ɓacewa.

Ka kuma lura da irin wayar. Akwai mai arha wadda alminiyom ce aka shafa mata tagulla, ana rubuta mata CCA. In ka kankare silinta da wuƙa za ka ga fari a ciki. Ba ta ɗaukar wuta kamar tagulla zalla mai kauri ɗaya da ita, kuma a wuri mai laima tana zama gari a bakin kusa.

5. Wayar GND

Da za a ce in zaɓi wuri ɗaya da ya fi kashe sautin mota, nan zan nuna. Wayar nan baƙa da ta fito daga GND aka ɗaure a bodi ita ce hanyar komawar duk wutar da amfilifaya ta ja, amma ita aka fi yi wa aikin gaggawa.

Gwaji mai sauƙi: bar jan tsinke a kan +12V, ɗauke baƙin daga GND ka ɗora a wani ƙarfen bodi mai tsabta, marar fenti. Idan lambar ta tashi, wayar GND ce ko wurin da aka ɗaure ta. Gwajin da ya fi wannan tabbaci shi ne ka jawo doguwar waya daga nagetib na batir zuwa baƙin tsinke, ka ɗora jan a kan GND na amfilifaya, kiɗa na tashi. Abin da ake so shi ne kusan sifili. In ya haura rabin volt, akwai gyara.

Kwance kusar ka duba ƙarƙashinta. Abin da aka saba gani shi ne fenti yana nan lafiyayye, wayar haƙoran kusa kawai take taɓawa, ko kuma wani jan zobe na tsatsa ya zagaye ramin. Goge da samfefa har ƙarfe ya yi ƙyalli, faɗin da ya fi kan wayar. Wayar ta zama gajera, kamar rabin mita ko ƙasa, kaurinta daidai da na wayar wuta, da kan zobe da aka matse sosai. Ja ta da hannu, in ta motsa ba ta ɗauru ba. Bayan ka ɗaure, shafa ɗan giris ko fenti a sama don tsatsa. Ka guji kusar bel ɗin kujera, abin tsaron rai ne, kuma galibi akwai fenti da gam a haƙoranta. Kafin ka huda sabon rami a ƙasan but, leƙa ƙarƙashin motar, tankin mai da bututun birki suna wajen.

Gargaɗi: kada ka kunna amfilifaya GND a cire alhali wayoyin RCA suna haɗe. Wuta za ta nemi hanyar komawa ta jikin RCA zuwa rediyo, ta ƙona siririyar hanyar da ke cikinsa. Bayan haka sai ka ji wani kuka mai bin tashin inji wanda ba ya barin lasifika.

6. Wayar REM

Siririyar waya ce, galibi shuɗiya mai farin layi, da ke gaya wa amfilifaya ta tashi. Jan tsinke a REM, baƙi a GND, rediyo a kunne: ya kamata ka ga wajen volt 12, ya kuma ɓace idan an kashe rediyo.

In babu komai, yi wannan gwajin. Cire wayar REM daga bakin amfilifaya tukuna, don kada ka tura wuta baya zuwa rediyo. Ɗauki guntuwar wayarka ka haɗa +12V da REM na amfilifayar. Idan fitila ta kama, amfilifaya lafiya take, laifin yana jikin siririyar wayar ko a rediyo. Kada ka bar wannan haɗin a matsayin gyara, amfilifayar ba za ta ƙara mutuwa ba har sai ta shanye batir.

Akwai kuskuren da ke da alama ta musamman: sauti na fita idan ana jin tashar rediyo, amma da an koma Bluetooth ko USB sai ya ɗauke. Wannan an haɗa REM ne da shuɗiyar waya marar layi, wadda ta eriya ce, kuma a rediyo da yawa tana da wuta ne kawai lokacin da ake kama tasha. Mayar da ita kan mai farin layi. Idan kuma an jera amfilifaya biyu ko uku da fanka duk a kan REM ɗaya, ƙarfinta ba zai kai ba, sai an sa rile, wato ɗan makunnin da ƙaramar wuta ke kunnawa ya saki babba.

7. Idan jar fitila ce

Wuta ta yi daidai, GND ya yi daidai, amma PROTECT na ci. Idan sai an daɗe ana kiɗa take kamawa, kuma jikin amfilifaya ba ya taɓuwa don zafi, bar ta ta huce. In ta dawo da kanta, iska ce ba ta samu, ko an ɗora mata lasifiku fiye da ƙarfinta, ko GAIN ya yi yawa.

Idan kuwa tun daga kunnawa take ja, kashe komai, cire dukkan wayoyin lasifika da na RCA, ka bar mata uku kawai: +12V, GND da REM. Kunna. Idan har yanzu ja ce, ciwon na cikinta. Idan ta koma kore, albishirinka, sai ka riƙa mayar da wayoyin ɗaya bayan ɗaya, kana kashewa kafin kowane haɗi, har ka kai kan wadda ta dawo da jar.

Haska tocila a bakin kusoshin lasifika ka duba da kyau. Sili ɗaya na tagulla, siriri kamar gashi, da ya kauce daga + ya kwanta a kan − ya isa ya kulle amfilifaya mai wat dubu.

8. Lasifika da wayoyinta

Cire wayoyin daga amfilifaya kafin ka auna, in ba haka ba lambar ƙarya za ka samu. Sa mita a ohm, haɗa tsinkayen biyu da juna ka ga abin da su kansu suke nunawa, ka riƙa debe shi. Lasifika mai ohm 4 tana nuna tsakanin 3 da 4, wannan daidai ne. In ta nuna OL, hanya ta yanke: ko koyil ya ƙone, ko waya ta zare. Kafin ka yanke wa wufa hukunci, kwance ta daga akwati, don girgiza na yawan zare wayar da ke ciki. In ta nuna kusan sifili, shot ne. Sannan auna tsakanin kowace waya da bodin mota, nan OL ake so. Wayoyin ƙofa suna yawan gogewa a cikin robar da ke lanƙwashewa duk lokacin da aka buɗe ƙofa.

Batirin AA ma na gwadawa: taɓa wayoyin biyu a kansa na ɗan lokaci, mai lafiya za ta yi ɓut ta motsa. Kada ka yi wa tuwita, ƙaramar lasifikar siririn sauti, wannan. Ka kuma danna fuskar wufa a hankali da yatsu a baje, in kana jin tana gurzawa, koyil ya lalace.

Yi lissafin nauyin da ka ɗora. Lasifika biyu masu ohm 4 da aka haɗa + da +, − da −, sun zama ohm 2. Yawancin amfilifayoyi masu hanya biyu suna ɗaukar ohm 2 a kowace hanya, amma idan an haɗe hanyoyin biyu wuri ɗaya, abin da ake rubuta wa BRIDGED, ohm 4 ne iyakarsu. Abin da aka rubuta a jikin taka ko a takardarta shi za ka bi.

9. Sautin da ke shiga

Fitila kore, lasifika lafiya, shiru bai tafi ba. Cire RCA na rediyo daga amfilifaya, rage GAIN, haɗa wayar salularka kai tsaye da wayar nan mai kan RCA, murya a ƙasa, ka ƙara a hankali. Idan wufa kake gwadawa, sa abu mai bas. Sauti ya fito? To amfilifaya da lasifika sun fita daga zargi, saura RCA da rediyo. Shimfiɗa wata RCA ta saman kujeru daga rediyo zuwa amfilifaya. In ta yi, tsohuwar ta yanke a ƙarƙashin kafet. In ba ta yi ba, zaro rediyo ka duba ko kawunan sun zare ko an sa su a ramin da ba nasu ba. A motar da aka bar rediyon kamfani, akwai ɗan akwatin da ke karɓar sauti daga wayoyin lasifika ya mayar da shi na RCA, shi ma yana mutuwa, kuma haɗinsa na kwancewa.

10. Lokacin kai ta wurin mai gyara

Gwaji biyu suka rage, duka lasifiku a cire. Sa mita a DC tsakanin kusoshin lasifika + da − na hanya ɗaya a jikin amfilifaya, babu kiɗa. Ya kamata ka ga ƙasa da 0.1. In ka ga volt da yawa, tiransistocin fitar da sauti sun ƙone, kuma duk lasifikar da ka haɗa za ta bi su. Sannan sa mita a AC, kunna sautin gwaji, 50 Hz don wufa ko 1000 Hz don sauran, ka ƙara murya. Lambar ta riƙa hawa. In ta tsaya a sifili alhali komai na shiga daidai, cikin ne.

Ban ba ka shawarar buɗe ta ba sai in gyaran lantarki sana'arka ce. Kafasitocin ciki suna riƙe wuta bayan an cire ta, kuma tiransisto ba ya ƙonewa shi kaɗai, yana tafiya da ƙananan kayan da ke kewaye da shi. Kai wa mai gyara tare da abin da ka auna a rubuce, hakan zai rage masa lalube, ya rage maka kuɗi. Babbar amfilifaya mai inganci ta cancanci gyara. Ƙarama mai arha kuwa, tambayi kuɗin gyaran ka gwada da na sabuwa kafin ka amince.

Ko gyararriya ce ko sabuwa, kada ka ɗaura sai ka kawar da abin da ya kashe ta farko, in ba haka ba ita ma haka za ta ƙare. Wajen haɗawa, nagetib na batir a cire, fara da GND, sai +12V, sai REM, sai RCA da lasifiku, ka duba sau biyu cewa ba ka juya + da GND ba, sannan ka sa fis ka mayar da kan batir. GAIN ka fara da shi a ƙasa. Kai muryar rediyo wajen kashi uku cikin huɗu, ka riƙa ɗaga GAIN a hankali har ka ji sauti ya fara tsagewa, sai ka dawo da shi baya kaɗan ka bar shi a nan.